IDO A ƘOFAR ZAURE: Darasi Kan Kyamarar Tsaro Domin Magidanta Na Ƙasar Kiyawa

Tun shekarar 1991 da aka kafa Jihar Jigawa, aka mai da Dutse hedkwatarta, ƙasar Kiyawa ta zama bakin hanya. Babban titin Kano zuwa Maiduguri ya ratsa ta Shuwarin, ranar kasuwa kuwa mutum ya kan ga fuskokin da bai taɓa gani ba fiye da waɗanda ya sani. Wannan arziki ne, gama inda jama'a ta taru nan ciniki ya ke. Amma mai abin hannu ya san cewa ba kowane baƙo ne ya zo saye ba. Babur a ƙofar gida, da tumaki a turke, da buhunan riɗi da zoɓo a ɗakin ajiya, da wayoyin jama'a a shagon caji, duk kaya ne masu sauƙin ɗauka da saurin sayarwa.

Saboda haka magidanta da yawa su ke tambaya game da na'urar nan da a ke mannawa a bango, wadda a ke kira kyamarar tsaro. An shirya wannan darasi domin a amsa musu. Hukuma ba ta tallan kayan kowane kamfani. Nufinta kurum shi ne kada mutum ya zuba kuɗinsa a kan abin da ba zai amfane shi ba ran da ya bukace shi.

SHAIDA CE, BA MAI GADI BA

Abu na farko da za ka riƙe, maigida, shi ne kyamara ba ta kama ɓarawo. Ba ta da hannu, ba ta haushi kamar kare, ba ta kuma rufe ƙofar da ka bari a buɗe. Aikinta biyu ne. Tana sa mai mugun nufi ya yi shakka idan ya gan ta, domin ɓarawo ba abin da ya ƙi kamar a san fuskarsa. Sa'an nan idan ɓarna ta auku, tana ba da labarin abin da ya faru ba ƙari ba ragi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wata ma'aikaciyar jinya a birnin New York na Amurka, mai suna Marie Van Brittan Brown, ita da mijinta su ka nemi rajistar irin wannan na'ura ta gida a 1966, aka ba su a 1969. Dalilinta kuwa irin namu ne: ta kan kwana ita kaɗai a gida, tana so ta ga mai ƙwanƙwasa ƙofa tun ba ta buɗe ba. A 1996 wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Axis ya fito da kyamara ta farko mai aika hoto ta hanyar sadarwar kwamfuta, daga nan ne aka bi har aka kai ga wadda mutum ya ke kallo a wayarsa yana gona.

To, tana rage sata kuwa? Masana sun auna. A 2019 Eric Piza da abokan aikinsa su ka tara sakamakon binciken da aka yi cikin shekara 40 a ƙasashe dabam-dabam, su ka sami laifuffuka sun ragu da kimanin kashi 13 cikin 100 a wuraren da aka kafa kyamara. A wuraren ajiye motoci raguwar ta kai kashi 37. Amma ga faɗa da zub da jini ba a ga wani bambanci na kirki ba, gama mai fushi ba ya duban bango. Sun kuma lura amfanin ya fi yawa inda a ke da mai duba hotunan, aka kuma haɗa da fitila da masu gadi. Watau kyamara ta fi ƙarfi a wuri ƙarami mai ƙofa ɗaya ko biyu, wanda a ke kula da shi. Gidan Bahaushe mai katanga da zaure kuwa haka ya ke.

Saboda haka kafin ka tafi kanti, duba ƙyauren zaurenka da sakata da kwaɗo, ka toshe inda damina ta zubar da katanga, ka sa fitila a waje. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya ke barin babur da makulli a jiki ba kyamara ya ke bukata ba tukuna.

FUSKA A KE NEMA

Nan ne mutane su ka fi yin kuskure, saboda haka za mu daɗe a kai. Mai kanti zai kunna maka kyamara, ka ga dukan titi a ciki tun daga wannan kusurwa har waccan, ka yi murna. Ran da aka yi sata sai ka duba ka ga wani abu mai kama da mutum ya wuce, ba ka iya cewa yaro ne ko dattijo. Wannan hoto ba ya kai kowa gaban alƙali.

Ga dalili. Kowane hoto na kyamara ƙananan ɗige-ɗige ne aka jera, kamar zaren saƙa. Wadda aka rubuta wa 1080 a kwali, ko kuwa megafiksel 2, tana da ɗigo 1920 daga hagu zuwa dama. Ma'aunin da masu wannan sana'a su ke bi a duniya ya ce, in ana so a tabbatar da fuskar mutumin da ba a sani ba, sai ɗigo 250 sun faɗa a kan kowace mita ta wurin da a ke dubawa. Raba 1920 gida 250, za ka sami mita 7 da 'yan kai. Ma'ana, idan faɗin filin da kyamararka ta ɗauko ya wuce mita 7 ko 8, watau kamar taku 10, fuska ta fara narkewa. Jawo hoton da yatsa a waya ba ya ƙara kome, sai dai ya ƙara girman dusu-dusun.

Abin da ya rage faɗin fili ko ya ƙara shi kuwa shi ne gilashin idonta. Mai lamba 2.8 yana ɗauko fili mai faɗi, ya dace da cikin shago ko zaure. Mai lamba 4 ko 6 yana matse filin ya jawo abu kusa, shi ya fi dacewa da hanyar da ta nufo ƙofa. In kana da kuɗin kyamara ɗaya kurum, ka ba ta ƙofar zaure, inda dole mai shigowa ya bi, ka bar titi ga masu titi.

Sata kuwa yawancinta da dare a ke yi, amma a kanti da rana a ke gwada maka. Kyamarori suna gani a duhu ta wurin wasu 'yan fitilu da ke kewaye da idonsu, masu ba da hasken da idon ɗan Adam ba ya gani, hoton ya fito fari da baƙi. Akwai kuma masu farar fitila, waɗanda ke ba da launin riga ko na babur. Nisan da aka rubuta a kwali, ka ɗauke shi nisan da za a ga motsi, ba nisan da za a gane mutum ba. Ka nemi a gwada maka a ɗaki mai duhu, wani ya gifta yana tafiya, domin kyamara maras kyau ta kan nuna abin da ke tsaye sarai, amma mai tafiya sai ya zama kamar hayaƙi. Araha ba ta ado.

Sai ka duba jikinta ko kwalinta ka ga an rubuta IP66 ko IP67. Lambar 6 ta farko tana nufin ƙura ba ta shiga, ta biyu kuwa ta ruwa ce. A ƙasar da hunturu ke kawo buji wata uku, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

WUTA DA WURIN AJIYA

Kyamara iri uku a ke samu a shagunan Dutse da na Kano. Akwai masu waya, waɗanda a ke jawo wa igiya zuwa wani akwati a cikin ɗaki inda hotuna su ke taruwa. Su ne su ka fi aminci ga gida babba ko ɗakin ajiyar hatsi, amma suna son gwani ya haɗa su, suna kuma son wuta dare da rana. Akwai masu wayifai, waɗanda sai gidan da ya riga ya sami intanet. Akwai kuma masu farantin sola da batir a jikinsu, a sa musu layin waya kamar salula. Waɗannan na ƙarshe su ne su ka dace da ƙauyukan da turakun lantarki ba su kai ba, da garke, da lambu. Amma kafin ka saya, ka tsaya da wayarka daidai wurin da za a kafa ta, ka ga layin da ya fi ƙarfi a nan. Layin da ke aiki a bakin kasuwar Shuwarin ba lalle ne ya yi aiki a bayan gari a Katanga ko Andaza ba.

Kowa ya san wutar lantarki ba ta zama kullum, ɓarawo ma ya sani. Kyamarar da ke mutuwa sa'ad da aka ɗauke wuta ta mutu ke nan a lokacin da aka fi bukatarta. Lissafin ba wuya: kyamara huɗu da akwatinsu su kan ci kamar wat 40. A sa'a 24 ke nan wat-sa'a 960. Ka gaya wa mai haɗa maka sola wannan lissafi, ya zaɓi batir da zai kai asuba har a kwanakin Agusta da hadari ke rufe rana. Batir kuwa a inuwa a ke ajiye shi, inda iska ke ratsawa, gama zafin bazara da ya kan haura digiri 40 yana rage masa kwana.

Hotuna suna taruwa a ɗan katin ajiya ko a cikin akwati, idan wuri ya cika sabo ya shafe tsoho. Kyamara mai megafiksel 2 da ke ɗauka ba tsayawa ta kan cinye kamar giga 20 a yini, saboda haka kati mai giga 64 kwana 3 ne kurum. In aka saita ta ta ɗauka sai ta ji motsi, ya kan daɗe fiye da haka ƙwarai. Wanda ya kan yi tafiya ta mako guda ya yi wannan lissafi tun da wuri. A kula da katin jabu, wanda aka rubuta wa babbar lamba alhali cikinsa kaɗan ne. Akwai kuma wani abu: idan katin yana jikin kyamara, wanda ya cire kyamara ya tafi da shaida. Maganinsa shi ne a saita ta ta aika hoto zuwa wayar maigida da zarar ta ji motsi. Mai akwati kuwa ya ɓoye akwatinsa, kada ya ɗora shi a kan tebur kusa da talabijin.

INDA ZA A KAFA TA

Tsawon mita 2 da rabi zuwa 3 daga ƙasa ya isa, watau inda hannu ba ya kaiwa sai da tsani. In ta wuce haka, hula da rawani za ka riƙa gani. Kada ta fuskanci gabas ko yamma kai tsaye, domin hantsi da la'asar za su mai da kowane mai shigowa baƙar inuwa. Kada kuma ta kasance dab da farin bango ko ƙarƙashin indararo, hasken darenta zai dawo mata ya makantar da ita. Igiya a sa ta cikin bututu ko a bi da ita ta cikin gida.

A bar kyamarar ƙofa a fili kowa ya gani, a kuma rubuta sanarwa a bango, da boko da ajami in ya yiwu. Wadda aka ɓoye ba ta tsorata kowa.

HURUMIN IYALI DA NA MAƘWABCI

Wannan sashe muna roƙon a karanta shi a tsanake. Kakanninmu ba su gina zaure da shigifa a banza ba. Sun karkata ƙofofi ne domin idon baƙo kada ya kai tsakar gida. Kyamara ido ce, idon kuma da ba ya mantuwa. Saboda haka iyakarta waje: ƙofar zaure, da bayan katanga, da turke, da rumbu. Ba ta da wuri a ɗakunan mata, ko turaka, ko hanyar makewayi. Duk mutanen gida su san inda ta ke da abin da ta ke gani. Maigidan da ya kafa ta domin leƙen iyalinsa ya shigo da zargi cikin gida, wanda ya fi ɓarawo ɓarna, malamai kuma sun sha yin wa'azi a kan haramcin bin diddigin asirin mutane.

Haka nan maƙwabci. Kyamarar da aka ɗora a kan bene ko dogon ƙarfe ta kan tsallake katanga ta faɗa tsakar gidan wani. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin kowane ɗan ƙasa da na gidansa. Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta ƙyale abin da mutum ya ɗauka domin amfanin gidansa kaɗai, amma da sharaɗin kada ya keta sirrin wani. Hanya mafi sauƙi ita ce ran da aka kafa ta ka kira maƙwabcinka ka nuna masa hoton a waya, ya gani da idonsa cewa gidansa ba ya ciki. Ka kuma sanar da Mai'unguwa. Sau da yawa ma za ka ga gida uku ko huɗu sun haɗa kuɗi sun kafa ɗaya a bakin lungu, kowa ya huta.

Akwai wata ƙofa da ba a gani. Kyamarori da yawa masu hawa intanet suna zuwa da kalmar sirri ta kamfani, iri ɗaya ga dubban na'urori, wani lokaci ma 12345 ce. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta shiga dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, da yawansu kyamarori, ba ta wata dabara ba sai ta gwada irin waɗannan kalmomi da masu kaya ba su sake ba. Wanda ya shiga kyamararka ya san lokacin fitarka da na dawowarka. Saboda haka da mai haɗawa ya gama aiki, ka sake kalmar da hannunka, doguwa, ba lambar wayarka ko shekarar haihuwarka ba. Ka tabbata da sunanka da wayarka aka buɗe asusun, ba da nasa ba. Wannan ba zargin ma'aikaci ba ne. Ai ko magini ba ya tafiya da makullin ɗakin da ya gina.

KULA DA ITA

A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar dala miliyan 470 domin tsarin tsaro da ya haɗa da kyamarori a titunan Abuja da Legas. Bayan 'yan shekaru da yawa cikinsu sun daina aiki, wasu ma an sace farantan sola da baturansu, har Majalisar Wakilai ta binciki al'amarin. In haka ta sami kayan gwamnati, to, na talaka fa?

Abokan gabar kyamara a ƙasarmu ƙanana ne. Ƙurar hunturu ta kan rufe gilashi da farantin sola. Ƙwari su kan taru a haskenta da dare, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa a kan idon, tsaka ta zo ta kwanta, zanzaro ya yi gini a gefe. Akuya da reshen darbejiya su kan sa wayarka ta yi ta ƙara har ka gaji ka kashe ƙarar, daga nan kuwa kamar babu ita. A goge ta da tsumma mai laushi kowane mako, a sare reshen da ya tare ta, a rage mata saurin jin motsi. Kowace Juma'a maigida ya koma baya ya kalli abin da ta ɗauka daren Alhamis. Kyamara da yawa suna nuna hoto a waya alhali sun yi wata biyu ba su ajiye kome ba. A duba kwanan wata da agogonta kuma, musamman bayan an ɗauke wuta.

RAN DA ABU YA FARU

Idan wayarka ta nuna maka mutum a kan katanga da tsakar dare, kada ka fita kai kaɗai, ba ka san su nawa ne ba, ba ka san abin da su ke riƙe da shi ba. Kunna fitilun waje, ka ta da maƙwabta da 'yan sintiri ta waya, ka kira 'yan sanda ko lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Lambobin nan su kasance a rubuce a bango tun kafin ranar.

Da gari ya waye, cire katin ka adana shi kafin sabon hoto ya hau kan tsoho, ka kwafi abin da ke ciki, kada ka yanke ko ka gyara kome. Ka kai ofishin 'yan sanda na Kiyawa ko wanda ya fi kusa da kai, ka kuma sanar da Dagaci. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi shaidar da ta fito daga na'ura, amma sai an nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, kuma mai kula da ita ya sa hannu a takardar da ta bayyana yadda aka sami hoton. Hoton da agogonsa ya ce rana alhali dare ne, lauyan wanda a ke tuhuma zai yi wasa da shi.

Wani abu kuma da mu ke ja wa jama'a kunne a kansa ƙwarai shi ne watsa hoton a Facebook ko WhatsApp da cewa ga ɓarawo. Hoton dare yana ruɗi, mutum kuma ya kan yi kama da mutum. Bari mu yi misali: an ga mai doguwar riga da hula ya tura babur, wani ya ce ai wane ne ɗan gidan wane, kafin azahar magana ta gama gari, matasa su far masa a kasuwa, daga baya a gane yana Kano a daren. Wanda ya watsa hoton yana da alhaki a wannan, doka kuma za ta tambaye shi, ko da kuwa shi aka yi wa sata. Banda haka, ɓarawon gaskiya shi ma yana da waya. Da ya ga fuskarsa tana yawo sai ya sake gari, babur kuma a wargaza shi a sayar da kayansa ɗaya-ɗaya.

Sa'ad da za ka tafi ofishin 'yan sanda, ka haɗa da takardun abin da aka sace: rasidin babur da lambar injinsa da ta jikinsa, ko lambar IMEI ta waya mai alƙaluma 15, wadda a ke gani in an danna *#06#, ko kuwa bayanin shaidar da ke jikin dabba. Ka rubuta sa'a da mintin da abin ya bayyana a hoton, domin jami'in da zai duba kada ya zauna yana kallon dare guda cur. Ka karɓi takardar shaidar abin da ka miƙa, ka riƙe kwafi ɗaya a gida, sa'an nan ka sa sabon kati a kyamara tun kafin magariba.